Alƙalin Ƙofar Sito

Aikin da na yi shekara arba'in da ɗaya ina yi a ƙofar siton hatsi ba shi da suna a takardar ma'aikata. Mai rubuta sunaye ya taɓa tambayata me zai sa a gaban nawa, na ce ya rubuta cizo. Ya yi dariya, ya rubuta mai duba kaya.

Ga yadda abin yake. In mota ta shigo da masara, ba a sauke ko buhu ɗaya sai an zo wurina. Ina zaune a kan benci kusa da sikeli. Sai in tashi in ɗauki dogon ƙarfen nan mai rami da muke soke buhu da shi, in soki na sama, in soki na tsakiya, in sa a ɗaga in soki na can ƙasa inda masu wayo ke ɓoye abin kunyarsu. Ƙwayoyi su zubo mini a tafin hannu. In zaɓi guda, in kai ta ƙuryar bakina, ɓangaren hagu, in ciza. Masarar da ta bushe fashewa take yi, ƙas, har na kusa da ni ya ji. Mai laima kuwa lotsawa take yi shiru, kamar munafuki. Wadda ta fashe ta shiga sito. Wadda ta lotsa a koma da ita a shanya, don in ta yi wata biyu a cikin duhu za ta ɗauki zafi, ta yi funfuna, ta shafa wa maƙwabtanta. Buhu goma masu laima sun isa su kashe ɗari biyar.

Haƙorin da nake wannan aiki da shi guda ɗaya ne, na tauna, a ƙasa. 'Yan dako ne suka sa masa suna Alƙali, don in ya yanke hukunci ba a ɗaukaka ƙara. Akwai na samansa da suke haɗuwa su yi cizon tare, amma ba wanda ya taɓa tambayar lafiyarsa. Haka duniya take yi wa mataimaki.

Sauran haƙoran nawa kuwa ban taɓa ɗaukarsu a bakin komai ba. Na buɗe kwalba da su, na kwance igiya da su, na jiƙa su da shayi mai sukari cokali huɗu safe da yamma. In ɗaya ya fara girgiza, sai in ƙyale shi ya gama shawara da kansa, ranar da ya shirya ya fita. Ina da shekara saba'in da biyu aka wayi gari saura tara a bakina, kuma ban taɓa taka ƙofar likitan haƙori ba. Ina ma taƙama da hakan a cikin mutane.

Sai maganar na'ura. Shekara shida da suka wuce ɗan maigida ya sayo wata aba kamar ƙaramar rediyo, da ɗan kofi a kanta. Wai ka zuba masara a kofin, ka danna, ta nuna maka lambar ruwan da ke cikin ƙwayar. Maigida, Allah ya ji ƙansa, ya juya ta gaba da baya, ya ce, "Ai muna da irinta, ga ta can zaune a benci, kuma ba ta cin batir." Aka jefa ta durowar tebur. Maigida ya rasu, ɗansa ya gaji siton. Furfura ta fara fito masa a gemu, amma har yau ɗan maigida muke ce masa. Bai fito da na'urar ba, don dillalai da manoma sun saba da ni. Sai dai na sha ganinsa yana buɗe durowar, ya dube ta, ya rufe. Ban yi boko mai nisa ba, amma wannan karatun na iya shi: ranar da Alƙali ya faɗi, ranar za a buɗe durowar nan ba a rufe ba, ni kuma a ce in je gida in huta.

To a farkon kakar bara Alƙali ya fara magana. Da fari ɗan zugi ne in na sha ruwan sanyi. Daga baya ya zama bugu, dum, dum, kamar ana kafa ƙusa a muƙamuƙina. Na danna masa kanumfari. Na kurkure da ruwan gishiri. Na sayi maganin kashe zafi ina haɗiya bibbiyu. Ban gaya wa kowa ba.

Uwar yarana ce ta gano ni. Shekara arba'in da shida muna tare, ba ta buƙatar a gaya mata komai. Wata safiya ta ajiye mini abinci, ta zauna tana kallona.

Ta ce, "Yaushe ka koma tauna da dama?"

Na ce, "Bakina ne, duk inda na ga dama nan zan tauna."

"Haka ne. Warin kuwa namu ne gaba ɗaya, tunda ɗaki ɗaya muke kwana."

Ta ɗauki waya ta kira Auta. Autarmu ke nan, tana da aurenta da 'ya'ya uku, kuma ita kaɗai ce a cikin zuri'ata da ba ta tsoron tsawata. Washegari da hantsi sai ga ta a ƙofar gida da mota, wai in raka ta wani wuri, ba ta son zuwa ita kaɗai. Na san ƙarya ce. Amma a daren nan ban runtsa ba, don haka na bar ta ta yaudare ni.

Ɗakin likitan fari fat, da wata doguwar kujera mai kwanciya da kanta, da fitila a samanta kamar idon mai tuhuma. Likitar mace ce, ba za ta wuce sa'ar Auta ba. Ta gaishe ni da ladabi, ta sa safar hannu.

"Baba, yaushe rabonka da ganin likitan haƙori?"

"Da ke aka fara, 'yata."

"Sau nawa kake goge baki a rana?"

Auta ta riga ni. "Ki tambaye shi sau nawa a wata."

Likita ta ce in buɗe baki. Ta leƙa da ɗan madubi a kan tsinken ƙarfe, ta daɗe tana leƙe, irin leƙen da nake yi wa motar da na san an ɓoye wani abu a ƙasanta. Ta taɓa dasashina, jini ya fito. Ta ƙwanƙwasa Alƙali a hankali, na ga taurari da rana tsaka. Daga nan ta ɗauki hotonsa, ta kunna mini a allo. Ga shi nan tsaye da saiwoyinsa biyu, a ƙarƙashinsa kuwa wani baƙin tabo kamar inuwa.

Ta ce, "Ka ga wannan baƙin? Mugunya ce ta taru a ƙarƙashin saiwar. Jijiyar da ke cikin haƙorin ta daɗe da mutuwa. Shekara biyar, ko fiye."

Na ce, "Ki sake faɗa."

"Ta mutu, Baba. Ciki duk ya ruɓe, ɓawo ne kawai ya rage. Zafin da kake ji na ciwon da ke ƙarƙashi ne."

Na tashi zaune a kan kujerar. Na ce mata wannan haƙorin da take kira matacce, ko makon jiya ya mayar da mota uku. Na gaya mata aikina tun daga farko. Ta saurara har na gama, ba ta yi dariya ba, wannan kam na yaba mata. Sannan ta tambayi Auta ko ina da wani ciwo. Auta ta ce ciwon suga, shekara tara, kuma shayina yana nan yadda yake.

Fuskar likita ta canja. Ta ce mai ciwon suga ba a wasa da mugunya a bakinsa. Ciwon baki yana hana sugan sauka, sugan kuma yana hana ciwon warkewa, kowanne yana hura wa ɗan'uwansa wuta. In ta bazu ta gangara wuya, magana ta wuce ta haƙori. Ta ce a cire shi, kuma kada a wuce mako guda.

Na ce, "Bayan kaka. Mako shida kawai."

"Baba, mugunya ba ta san kaka ba."

"Ni na sani."

Ta rubuta mini magani, ta ce in sha in dawo ranar Litinin. In fuskata ta kumbura ko zazzaɓi ya kama ni, kada in jira Litinin ɗin. Na ce to. Irin to ɗin da dillalai ke ce mini in na ce su je su shanya kaya kwana uku.

A mota Auta ta ce, "Baba, haƙori ko rai?"

Na ce, "Ke ba ki taɓa zama a gida kina jiran azahar ta yi don ki sami abin yi ba. Tuƙa mu."

Litinin ta zo ta wuce. Maganin ya kwantar da bugun kwana goma, sannan ya dawo da 'yan'uwansa. Motoci kuwa sai shigowa suke yi, wata na bin wata. Matsalar ita ce ban iya cizo kuma. Ko harshena ya goge shi sai hawaye ya cika mini ido. Don haka na shiga dabara. In na soki buhu, sai in matsa kusa da injin motar da ke ruri, in kori mutane in ce suna tare mini haske. In jefa ƙwaya a baki, in ajiye ta a kumatu, in motsa muƙamuƙi, in lumshe ido kamar mai sauraron saƙo daga nesa. Sannan in faɗi hukunci.

Ranar farko na ɗauka za a gano ni. Amma na lura da wani abu. Kafin ƙwayar ta kai bakina, na riga na san amsa. Ƙarfen da kansa yana gaya mini: busasshen buhu yana buɗe masa hanya suu, mai laima yana riƙe shi kamar bai yarda ba. Busasshiyar masara tana zubowa a hannu da ƙara kamar tsakuwa, mai laima tana zubowa da nauyin jiki, ga ɗan sanyi a tafin hannu. Ga ƙanshi. Ga fuskar direba, wanda in kayansa lafiya suke zai tafi neman shayi, in kuwa da magana zai tsaya a kaina yana tambayar lafiyar iyali.

Duk da haka ban yarda da kaina ba. Na ari filaya a wurin mai gyaran sikeli. Kowace mota in ɓoye ƙwaya biyar a aljihu, in zagaya bayan sito kamar mai neman wurin fitsari, in matse su ɗaya bayan ɗaya. Mako uku ina wannan. Mota hamsin da wani abu. Ban kuskure ko sau ɗaya ba.

Na zauna a kan wani tsohon taya a bayan siton nan, filaya a hannu, kumatu na bugu, na yi dariyar da ta ƙara mini ciwo. Ashe shekara arba'in ni ke aiki, haƙori na karɓar yabo.

Mai hankali zai ce, to ai shi ke nan, je ka a cire, ka dawo ka gaya musu gaskiya. Mai hankalin bai san kasuwa ba. Wa zai juya tirela guda don wani tsoho ya ce ya ji sanyi a tafin hannunsa? Mutane abin da ya yi ƙara suke gaskatawa. Ƙas ɗin nan suke saye, ba ni ba. Na ce bari in lallaɓa 'yan kwanakin da suka rage.

Kumatuna ya tashi. Na naɗe wuya da fuska da tawul na ce mura ce. Babban 'yan dako, wani ƙato da muka yi shekara talatin tare, ya dube ni ya ce, "Baba, ƙwai ka ɓoye a nan? A ba mu ɗaya mana." Na ce ya je ya tambayi uwarsa. Aka yi dariya, aka wuce. A gida uwar yarana ta daina yi mini magana sai da kwano, ta dangwarar ta tafi. Auta tana kira, ina cewa ina cikin hayaniya.

Wata ranar Laraba da safe Mai Tirela ya shigo. Shi ne babban mai kawo mana kaya, buhu ɗari shida a tafiya ɗaya. Mutum ne mai ƙiba da fara'a, irin wanda zai rungume ka yana lissafa haƙarƙarinka. Shekara ashirin muna wasan ɓuya da shi: yana ɓoyewa, ina nemowa. Na tashi daga benci, ƙasa ta ɗan juya da ni, don tun asuba jikina ke rawa. Na soki buhun sama, lafiya lau. Na ce a ɗaga layi uku. Mai Tirela ya ce, "Haba tsoho, yau kuma?" Na soki na ƙasa. Ƙarfen ya tsaya kamar na soki katifa. Masarar ta zubo da sanyinta.

Na jefa ƙwaya a kumatu, na yi wasan da na saba, na ce, "A koma a shanya. Kwana uku, in rana ta yi kirki."

Mai Tirela bai motsa ba. Ya ce, "Ban ji ba."

"Na ce a shanya."

"Wannan na ji. Cizon ne ban ji ba." Ya juya ga mutane, ya ɗaga murya. "Jama'a, wa ya ji? Mako uku ke nan direbobina na gaya mini tsoho tsotsar masara yake yi kamar alewa. Kashe injin nan!"

Aka kashe inji. Filin ya yi tsit. 'Yan dako suka matso, ƙananan dillalai da ke jiran layi suka matso. Ɗan maigida ya fito daga ofis da biro a bayan kunne. Na san yana buƙatar kayan nan, akwai masu jiransa.

Ya ce, "Baba, lafiya?"

Mai Tirela ya ce, "Ni ban ƙi hukunci ba. Amma Alƙali na sani. In ya ce laima, yanzu zan juya. A gabanmu dai, mu ji da kunnenmu."

Ɗan maigida ya ce, "Ciza masa, Baba, mu huta."

Na kwance tawul. Na ji wani ya ce subhanallahi da ya ga fuskata. Na zaɓi ƙwaya daga tafin hannuna, na san ta, na san abin da za ta yi. Na tura ta da harshe har kan Alƙali. Na ce a raina, sau ɗaya dai, tsohon abokina, lotsa ta kawai mu tashi. Na ciza.

Ƙas!

A shekara arba'in da ɗaya ban taɓa fitar da ƙara mai kyau irin wannan ba. Har mai shayin bakin ƙofa ya ji.

Mai Tirela ya tafa hannu. "Kun ji ko! Ƙashi ne wannan, ba masara ba! Tsoho, Allah ya bar mana kai." 'Yan dako suka yi shewa, babbansu ya haye motar ya fara shirin sauke kaya. Ɗan maigida ya juya zai koma ofis.

Ni kuwa ina tsaye, wuta ta tashi daga muƙamuƙina ta fita ta tsakar kaina. Bakina ya cika da wani ruwa mai gishiri da ɗoyi. Da harshena na laluba na ji abu biyu suna yawo: ƙwayar masara, lafiyarta ƙalau, da rabin Alƙali.

Ba zan ɓoye ba, na yi lissafi, kuma na yi shi da sauri. In na haɗiye, ba wanda ya sani. An ji ƙara, an shaida. Kaya su shiga. Sai bayan wata biyu za su fara wari, lokacin kuwa akwai rufin kwano da za a ɗora wa laifi, dama yana yoyo ta kusurwa. In je a ɓoye a cire guntun, in dawo in ci gaba da wasana kusa da inji, wataƙila shekara biyu, wataƙila uku. In kuwa na tofar, na tofar da bencina.

Ina so in ce tsoron Allah ne ya hana ni, ko amanar marigayi maigida. Suna ciki, ban ce babu ba. Amma abin da ya fi tsaya mini a wuya shi ne dariyar Mai Tirela. Shekara ashirin bai taɓa cin nasara a kaina ba. Yau zai tafi gida yana ba da labarin yadda ya shigar da jiƙaƙƙen kaya ta ƙarƙashin hancina.

Na ɗaga hannu. Ban iya magana ba, sai na buga ƙarfen a jikin motar. Kowa ya waiwayo. Na buɗe tafin hannuna na tofa a ciki, na miƙa wa ɗan maigida.

Jini ne da mugunya. A tsakiya ga ƙwayar masara, ta lotsa a gefe ɗaya, ba ta ko tsage ba. Kusa da ita ga ɓarin haƙori, waje rawaya, ciki baƙi ƙirin kamar gawayi.

Na ce, da bakin da ya ƙi buɗuwa sosai, "Ga wanda ya yi ƙarar. Ga wadda ba ta yi ba. A shanya."

Babban 'yan dako ya leƙo daga saman mota, ya cire hularsa, ya ce, "Inna lillahi. Alƙali ya rasu a bakin aiki."

Ba wanda ya yi dariya sai daga baya. Mai Tirela ya leƙa hannuna, ya yamutsa fuska, ya ja da baya. Amma ɗan kasuwa ne, nan take ya farfaɗo. Ya ce, "To ai ka ji. Ruɓaɓɓen haƙori ne zai yi wa kayana shari'a? Wannan ko ayaba ya ciza karyewa zai yi."

Ɗan maigida ya shiga ofis. Daga inda nake tsaye na ji ƙarar durowa. Ya fito da na'urar yana hure mata ƙura, ya aika aka sayo batir a shagon tsallake. Ya karɓi ƙarfen daga hannuna, ya tambaye ni wane buhu, na nuna masa. Ya cika kofin, ya danna. Ta yi ɗan kuka, ta nuna lamba.

Ya ce, "Sha takwas. Ba a ajiye abin da ya wuce sha uku."

Mai Tirela ya dubi lambar, ya sosa ƙeya, ya ce, "To." Ya ce wa direbansa ya tayar da mota.

To kawai. Ni ya yi mini gardama a gaban jama'a har sai da na karya haƙori. Akwati ya nuna masa lamba biyu, ya ce to.

Abin da ya biyo baya ba ni na gani ba, labari aka ba ni. Wai na koma zan zauna a benci na zauna a ƙasa. 'Yan dako suka ɗauke ni kamar buhu, kuma suka ce ban kai rabin buhu nauyi ba. Kwana biyar na yi a gadon asibiti ana ƙara mini ruwa da allurai, wuyana ya yi kamar na bijimi, sugana ya hau inda ma'aikatan jinya ke kiran juna su zo su gani. Uwar yarana tana gefen gado tana jan carbi, in na buɗe ido ta ce, "Sannu, mai mura."

Da kumburin ya sauka likita ta cire guntun da ya rage, ta haɗa da wasu uku da ta ce su ma suna kan hanya, har da mataimakin na sama. Ba ta ce ai na gaya maka ba. Ba ta buƙata, Auta ta faɗa a madadinta sau wajen ashirin. Da aka gama likita ta miƙo mini wata 'yar kwalba da guntun Alƙali a ciki. Ta ce, "Ban saba bayarwa ba, amma wannan ma'aikaci ne."

Bayan wata biyu dasashi ya warke, ta auna bakina ta yi mini haƙoran roba. Ta koya mini yadda zan cire su in wanke, in jiƙa su a kofi kafin in kwanta, in goge biyar ɗin da suka rage nawa safe da dare da buroshi mai laushi, in dawo ta duba ni duk wata shida. Sukarin shayi ya koma rabin cokali, wanda a wurina ruwan zafi ne da aka yi wa alkawari. Sannan ta ɗaga yatsa ta ce, "Kuma ban da cizon abu mai tauri. Ko ƙwaya ɗaya."

Na dubi madubi na ga wani mutum da ban sani ba, baki cike da haƙora farare a jere kamar na mai tallan man goge baki. Da na isa gida uwar yarana ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Yanzu da ba ka da abin yi da su ne suka zo."

Na koma sito don in kwashe 'yan kayana, kofin shayi da tabarmar salla. Na tarar da na'urar a kan wani sabon tebur kusa da sikeli, an yi mata har da 'yar rumfa. Bencina yana nan a gefenta. Ɗan maigida ya fito, ya gaishe ni, ya yi ta kallon bakina yana ƙoƙarin kada ya kalla.

Ya ce, "Baba, ina za ka da kofi? Zauna mana." Ya rage murya. "Abar nan abin da aka zuba mata kawai take faɗa. Ba ta san buhun da za a soka ba. Makon jiya an shigar mana da buhu arba'in masu laima a ƙarƙashin busassu, ita kuwa ta ce sha biyu."

Haka na koma bencina. Yanzu a takarda an rubuta mai kula da na'ura. Ni ke zagaya mota, ni ke cewa a ɗaga wannan layin, ni ke soka. Kafin in zuba a kofi nakan faɗi abin da hannuna ya ji, don kada in manta aikina. Sai in danna, ta yi kukanta, ta faɗi abin da na faɗa. 'Yan dako su ce, "Kai, Baba ya iya canka!" Kwalbar Alƙali kuwa tana cikin durowar ofis, daidai inda na'urar ta yi shekara biyar a kwance. Ni na sa ta a can. Wani lokaci nakan buɗe in dube ta in rufe.

Jiya Mai Tirela ya kawo kaya. Na zagaya, na soki na ƙasa, ƙarfen ya shige suu. Na ce, "Wannan karon ka shanya. Sha uku." Na zuba, na danna. Sha uku.

Ya shafa kan na'urar kamar mai shafa kan jikansa, ya ce, "Ka ga wannan, tsoho? Ita ba ta ƙarya."

Na yi masa murmushi da haƙora cike da baki, waɗanda ba su taɓa yin aikin yini ɗaya ba, na ce wa 'yan dako su sauke.